Zaman Koriya: sai an ji shekarunka kafin a san yadda za a gaishe ka

Nura: Assalamu alaikum jama'a barkanmu da sake haɗuwa, yau dai Allah ya yi mun kamo mutanenmu mazauna Koriya ta Kudu har biyu, Yaya Kabiru ga shi nan a gefena ya zo hutu daga Daejeon, Maryam kuma tana kan layi daga Busan. Maryam ƙarfe nawa a wajenku yanzu?

Maryam: Wa alaikumus salam, sha biyun dare ta gota fa Nura, awa takwas ne tsakaninmu, ku yanzu kuka idar da la'asar ni kuma da bargo nake magana, in kun ji na yi shiru toh bacci ne ba netwok ba.

Nura: Allah sarki, a yi haƙuri. Yaya Kabiru kai ne babba, fara mana, ranar da ka sauka me ka fara gani?

Kabiru: Zafi na fara gani wallahi. Ƙarshen watan Agusta na 2017 na sauka filin jirgin saman Incheon, ta Addis Ababa muka bi, an cika min kunne da sanyi sanyi har na sayi jibgegiyar rigar sanyi a gwanjo, ina fitowa sai ga gumi kamar ina Legas, na ce ashe ma ƙarya ake. Disamba na zuwa na gane kurena, awo ya sauka ƙasa da sifili har goma, kunne kamar a taɓa ya ɓalle. Amma sanyi ba wani abin dogon labari ba ne, ɗakunansu ta ƙasa ake ɗumamawa, ondol suke cewa, bututun ruwan zafi ne a ƙarƙashin daɓe, ni har gado na bari na koma shimfiɗa a ƙasa kamar a zauren gidanmu. Abin da ya fi ɗaure min kai tambayar shekaru ce.

Nura: Kamar ya?

Kabiru: Kun haɗu da mutum ko minti biyar ba a yi ba sai ya ce shekarunka nawa, ko wace shekara aka haife ka. Da farko na ɗauka shisshigi ne, ashe shi bawan Allah nema yake ya san da wane baki zai yi maka magana, don yarensu ƙarshen kalma canzawa yake, akwai na girmamawa akwai na sa'anni, kuma ko shekara ɗaya ka ba shi toh ka zama yayansa, ba zai ƙara kiran sunanka gatsal ba, hyung zai ce.

Maryam: In mace ce ke kira kuma oppa za ta ce wa namiji, onni ga mace 'yar uwarta. Ni ma sai da na sha kunya kafin na iya, na taɓa kiran wata babbar ɗaliba da sunanta kai tsaye, ɗakin ya yi tsit kamar ruwa ya cinye su.

Nura: Toh ai wannan mu ne, Yaya da Anti da Baba.

Kabiru: Abin da nake faɗa wa mutane kenan kullum, Bahaushe in ya je can ladabin ba zai zame masa baƙo ba. Hannu biyu ake miƙa abu, hannu biyu ake karɓa, ba ka ɗaukar cokali sai babba ya ɗauka, takalmi a bakin ƙofa, russunawa wajen gaisuwa, duk an koya mana tun muna yara. Abokaina Turawa su suka sha wuya a nan, ni kam farfesana har cewa ya yi wa ya koya min. Kuma akwai abin da suke kira nunchi, wato ka karanci wuri ba sai an faɗa maka ba, an yi maka hannunka mai sanda ka gane. Wanda ba shi da shi, ko ya fi kowa ƙwaƙwalwa kallon sakarai za a yi masa.

Maryam: Kuma da can lissafin shekarun ma daban ne, ana haihuwarka kana da shekara ɗaya, ɗaya ga Janairu kowa ya ƙara ɗaya, sai a watan Yunin 2023 doka ta mayar da su lissafin da kowa ya sani, ni dai rana ɗaya na tashi an rage min biyu, ban taɓa jin daɗin wata doka kamarta ba.

Nura: Hahaha mata kenan. Toh in ladabi ɗaya ne ai shikenan, kun samu 'yan uwa.

Kabiru: Ai nan gizo ke saƙar. Za su girmama ka, za su taimake ka, in ka ɓata hanya wani har raka ka zai yi, amma shiga cikinsu sosai a teburin dare ake yi. Hwesik suke ce masa, fitar cin abinci ta 'yan ofis ko 'yan lab bayan an tashi, kuma galibi abu biyu ne a kai, gasasshen naman alade da giyarsu soju. Ka ga duk biyun ba namu ba ne. Ni da farko zamewa nake, yau ciwon kai gobe ina da waya da gida, sau uku ko huɗu, sai na lura abubuwa na wuce ni, wa zai je taro ƙasar waje, wa zai shiga wane aiki, duk a can aka gama magana, da safe sai dai in ji labari. Ba wanda ya tsane ni fa, kawai ba na nan ne.

Nura: Sai ka yi ya?

Kabiru: Sai na daina ɓoye-ɓoye. Na samu babban ɗalibin lab ɗinmu na ce masa hyung, addinina ya hana ni alade da giya, amma ina so in zauna da ku. Ranar da na fara zuwa farfesa ya ɗauko kwalba zai zuba min, kowa ya zuba ido, don a wajensu babba ya zuba maka ka ƙi ba ƙaramin abu ba ne, gabana na faɗuwa na ɗaga kofi da hannu biyu na ce a gafarce ni sai dai lemo. Ya yi shiru kamar daƙiƙa uku, a wajena kamar shekara, sai ya kira mai hidima ya ce a kawo saida, wani farin lemo ne mai gas, shi da kansa ya zuba min. Fita ta gaba sai gidan kifi muka je, bai ce don ni ba ne, ni ma ban tambaya ba. Amma fa kar wani ya ce Kabiru ya ba da fatawa, zama a teburin da ake shan giya ni kaina raina bai taɓa kwanciya da shi ba, ina ci nake tashi kafin su wuce zagaye na biyu, kuma na san waɗanda ba sa zuwa sam, ban ga laifinsu ba.

Maryam: Kai ka yi sa'ar farfesa Yaya, na san wanda nasa har ya gama bai daina yi masa gori ba. Ni tawa ƙofar ta bola ta buɗe.

Nura: Bola kuma?

Maryam: Wallahi. A can ba ka zubar da shara a kowace leda, akwai ledar hukuma da kake saya a shago kuma ta unguwarku kawai, ragowar abinci daban, roba daban, kwalba daban, takarda daban. Satina na farko na haɗa komai a baƙar leda irin tamu na ajiye a waje, da safe sai ga bugun ƙofa, tsohuwar da ke da gidan ce riƙe da ledata, ta zazzage ta a gabana tana faɗa tana nuna ɓawon ayaba, ni ko kalma ɗaya ba na ji, ina shiga ɗaki na fashe da kuka na ce Umma ni gida zan dawo. Bayan kwana biyu ta sake bugawa, na ce yau kuma me na yi, ashe ledojin ta sayo min da kwanon kimchi, wani kabejinsu da ake tsimawa da yaji. Tun daga nan kullum ta gan ni sai ta ce bap mogosso, wai kin ci abinci, ni kuma in tsaya ina lissafa mata abin da na ci, ashe gaisuwa ce kawai kamar mu ce ina gajiya, ba wanda ke jiran ka ce akwai gajiya.

Nura: Hijabi fa, ba a takura miki?

Maryam: Kallo dai kam sai wanda ya gaji, musamman tsofaffi, da zafi kuma tambaya ɗaya ce, ba kya jin zafi? Wannan ba ya damuna. Wanda ke taɓa zuciya shi ne jirgin ƙasa ya cika maƙil amma kujerar gefenka ba kowa, ba kullum ba amma yana faruwa, kuma baƙar fata ko ba hijabi zai ba ka wannan labarin. Ka shekara goma kana jin yaren kamar jakin Kano sunanka dai weguk-in, baƙo. A ɗaya hannun kuma ƙarfe ɗayan dare zan dawo daga laburare ni kaɗai ba fargaba, in bar laftof a kan tebur a shagon kofi in je in dawo yana nan. Duk biyun gaskiya ne, shi ya sa in an ce min ya Koriya nake rasa amsa.

Kabiru: Kuma a faɗi ta birnin Daegu, don kar a ce mun ɓoye. Ɗalibai musulmi na jami'ar Kyungpook suka fara gina ɗan masallaci, maƙwabta suka tayar, aka dakatar da ginin a 2021, har kotun ƙoli ta ba ɗaliban gaskiya a 2022, duk da haka wasu suka riƙa ajiye kawunan alade a bakin wurin. Amma kuma akwai 'yan Koriyan da suka fito suka tsaya wa ɗaliban. Babban masallacin Seoul da ke kan tudu a Itaewon tun 1976 yake, ranar Juma'a ka hau wannan tudun ka ga Pakistan da Indonusiya da Uzbekistan da namu 'yan Najeriya, ga shagunan halal a jere, nan nake cika jaka da nama in hau KTX, jirgin ƙasansu mai gudu, awa ɗaya ina Daejeon.

Nura: Wanda ba ya kusa da Seoul fa, ya yake da abinci?

Maryam: Ya koyi karatu, shikenan. Rubutunsu hangul baƙaƙe 24 ne kacal, Sarki Sejong ne ya sa aka ƙirƙiro shi a 1443 don talaka ya iya, cikin sati za ka fara haɗa baƙi. Kalmar farko da na haddace dweji gogi, naman alade, kuma suna rubuta ta a bayan kaya wajen abubuwan da ke ciki, za ka sha mamaki, taliyar leda, biskit, alawa mai danƙo, har miyar da ka rantse ganye ce zalla.

Nura: Toh ga tambayar da ta fi yawa a saƙonninmu, wai akwai ejan da ke kai mutane aikin masana'anta, a biya shi miliyan kaza.

Kabiru: Don Allah a riƙe kuɗi. Tsarin da Koriya ke ɗaukar leburori da shi, EPS, gwamnati da gwamnati ne, kuma ƙasashen da ke ciki na Asiya ne irin su Nepal da Biyetnam da Bangladesh, ba Najeriya ba Nijar. Wanda ya ce zai sa ka a ciki, bizar yawon buɗe ido zai yi maka ka je ka zama mai ɓuya, in ma an bar ka ka wuce filin jirgi kenan. Hanyar da na bi sikolashif ɗin gwamnatinsu ne, GKS, ta ofishin jakadanci ko ta jami'a ake nema kuma ba a biyan ko kwabo, shekarar farko yare zalla za ka yi sai ka ci mataki na 3 a jarrabawar yarensu ta TOPIK kafin ka shiga digirin.

Nura: An ji dai. Yaya in za ka koma sai mu haɗa wa Maryam tsarabar kilishi.

Kabiru: Kai rufa min asiri, nama ko busasshe ne haramun ne shiga da shi, karnuka ne ke sunsuna jaka a Incheon kuma tarar ba ta wasa ba ce.

Maryam: Ni daddawa nake so da kuka. Lokacin Chuseok, bikin kakarsu da kowa ke tafiya garinsu unguwa ta zama kamar an share, tsohuwar nan ta ga ni kaɗai ta kawo min songpyeon, wani ɗan curin garin shinkafa ne mai zaƙi a ciki, ni kuma na ce bari in rama na yi mata tuwon shinkafa miyar kuka, ina ta fargabar warin daddawa zai kore ta. Tana buɗe kwano ta sunsuna ta ce ai wannan cheonggukjang ne, wani ruɓaɓɓen waken suya nasu mai wari irin namu sak, ta cinye tas ta sa cokali tana kankare kwano. Yanzu duk wata sai ta tambaye ni yaushe za a sake miyar Afirka, kuma daddawata ta ƙare tun watan jiya.

Kabiru: Toh turo adireshi, ina sauka zan sa miki a saƙo, washegari kin gan shi a bakin ƙofa.

Maryam: Ka ninka leda uku fa Yaya, kar a kore ka daga jirgi.