Yadda Ake Mayar da Rukuni Zuwa Lambobi Kafin a Koyar da Na'ura

Ku ɗauka muna da wani tebur a kan allo. Bayanan marasa lafiya ne a Excel: shekarunsu, nauyinsu, hawan jininsu, sai layin tsaye na ƙarshe mai ɗauke da rukunin jini, wato A, B, AB ko O. So muke mu koyar da na'ura ta riƙa hasashe daga bayanan nan. Shekaru da nauyi ba su da matsala, lambobi ne, kuma da lambobi na'ura take aiki: ta ninka, ta tara, ta auna tazara. Amma me za ta ninka a cikin AB?

Dabarar da ke fara zuwa wa kowa ita ce ya raba musu lambobi. A ta zama 1, B ta zama 2, AB 3, O kuma 4. Tebur ya cika da lambobi, manhaja ta karɓa ba gardama. To a nan ɓarnar take, kuma ba saƙon gargaɗin da zai fito. Tsarin koyo irin na miƙaƙƙen layi yana ba kowane layin tsaye nauyi guda ɗaya, wato lambar da ke nuna girman tasirinsa, ya ninka shi da abin da ya tarar a ciki. Ke nan kun sanar da shi cewa tasirin O ya ninka na A sau 4, kuma B tana tsakiyar A da AB daidai. Tsarin da ke neman maƙwabta mafi kusa kuwa zai ɗauka mai A ya fi kama da mai B fiye da mai O. Babu likitan da ya faɗi haka. Ku kuka ƙirƙiro jerin lokacin da kuke raba lambobi, ita kuma na'ura ta ɗauke shi gaskiya ta yi gini a kai.

Maganin shi ne abin da masana ke kira wan-hot. A maimakon layin tsaye ɗaya, kowane rukuni a ba shi nasa. Yanzu muna da guda 4: na A, na B, na AB, na O. Mai jinin B zai samu 1 a ƙarƙashin B, sauran ukun 0. Kamar makunnan fitila huɗu ne a bango, waɗanda ɗaya kaɗai ke kunne a kowane lokaci. Ku auna tazarar A da B, ku auna ta A da O, duk ɗaya ce. Ba babba ba ƙarami. Kuma kowane rukuni ya samu nauyinsa na kansa, wanda na'ura za ta koya daga bayanan.

Kafin a kai nan akwai aikin da mutane ke tsallakewa, ni kuwa ina ganin ya fi komai muhimmanci: tsabtace rubutun. Mutane ne suka cika teburin nan da hannu. Wani ya rubuta babban O, wani ƙaramin o, wani ya bar fili bayan harafin, wani ma sifili ya danna. A idonku abu ɗaya ne. A wajen Python, harshen rubuta manhajar da ake yin aikin da shi, rukuni 4 ne daban, kowanne zai samu layinsa, masu jinin O su warwatsu gida huɗu. Excel ma yana iya ruɗin mutum a nan, domin idan ya kwatanta rubutu da alamar daidai ba ya bambanta babban harafi da ƙarami. Don haka ku fara da umarnin Excel na TRIM don cire fili, da UPPER don daidaita haruffa, sannan ku fitar da jerin duk ƙimomin da ke layin, ku karanta su ɗaya bayan ɗaya da idonku.

Akwatunan da aka bari babu komai su ma suna son shawara. Umarnin get_dummies, mai yin wan-hot a cikin pandas (kayan aikin Python na sarrafa tebur), idan ba a ce masa komai ba, zai ba mutumin 0 a ko'ina. Idan kuna ganin rashin amsar kansa yana da ma'ana, ku kunna dummy_na, ya ware masa layinsa.

A ƙaramin tebur, umarnin IF na Excel ya isa: idan akwatin A ne a saka 1, in ba haka ba 0. A aiki na gaske kuwa kayan aiki biyu aka fi ɗauka. Akwai get_dummies a cikin pandas, wadda Wes McKinney ya fara ginawa a 2008, akwai kuma OneHotEncoder a cikin scikit-learn, kayan aikin Python na koyar da na'ura. Na farkon ya fi sauri, layin umarni ɗaya ne. Amma ba ya tuna komai, kuma ga inda hakan ke cizo.

A ce kun raba bayananku biyu, na horo da na'ura za ta koya da su, da na gwaji da za a jarraba ta da su. AB shi ne rukunin da ya fi ƙaranci a cikin huɗun, saboda haka ba abin mamaki ba ne a rasa shi gaba ɗaya a ɓangaren gwaji. Idan kuka yi get_dummies a kowane ɓangare daban, na horo zai fito da layi 4, na gwaji 3. Na'urar da ta koya da huɗu ba za ta karɓi uku ba. OneHotEncoder yana koyon jerin rukunan daga bayanan horo, ya adana, ya yi amfani da shi a kan duk abin da ya zo daga baya. Idan sabon rukuni ya bayyana wanda bai taɓa gani ba, zai tsaya da saƙon kuskure, sai dai in kun saita handle_unknown a kan ignore, a nan sai ya ba shi 0 a ko'ina. Duk aikin da zai fita ya haɗu da sababbin bayanai, OneHotEncoder nake ba da shawara.

Wani abu kuma ga masu tsarin miƙaƙƙen layi. Ku tara layukan nan huɗu, kullum 1 za ku samu. Ma'ana in kun san uku, kun san na huɗun. Maimaicin nan yana hana lissafin samun amsa guda tabbatacciya, shi ya sa ake cire layi ɗaya ya zama ma'aunin sauran, da drop_first a pandas ko drop a scikit-learn. Tsarin bishiyar yanke shawara bai damu da wannan ba.

Ba kowane rukuni ne yake son wan-hot ba. Firamare, sakandare, jami'a: jerin nan na gaskiya ne, kuma 1, 2, 3 suna riƙe shi. In kuka wargaza shi, kun zubar da bayani mai amfani. Sai kuma yawa. Layin ƙasashe zai iya haifar da layuka 193, adadin mambobin Majalisar Ɗinkin Duniya, kusan duka sifili. OneHotEncoder yana rage nauyin hakan ta adana wuraren da ke da 1 kawai, kuma min_frequency yana tattara rukunan da ba su cika bayyana ba a gida ɗaya. Wasu manhajojin koyar da na'ura, irin su CatBoost da LightGBM, ma suna iya karɓar rukuni kai tsaye. Lambar shaidar mara lafiya kuwa a cire ta, domin kowa da tasa, babu abin koyo a ciki.

Ku kuma lura da rukunin da ya zo da siffar lamba. Lambar ɗakin kwanciya ko lambar gidan waya suna ne, ɗaki na 8 bai ninka na 4 ba. get_dummies zai ga lambobi ya wuce su, sai kun ambaci sunan layin a cikin columns kafin ya raba shi.