Maki Huɗu: Fargabar Masu Nakasa a Birtaniya kan Tallafin PIP

HADIZA: Assalamu alaikum masu saurare, barkanmu da sake haɗuwa. Ina tare da Malam Auwal kamar kullum, sai ƙanwarmu Jamila da ta taso daga Mancesta. Yau maganar PIP za mu yi, wato tallafin kuɗin da gwamnatin Birtaniya ke ba masu nakasa da masu doguwar rashin lafiya, da kuma sauyin da aka so a yi wa sharuɗɗan samunsa. Jamila, ke ganau ce ba jiyau ba. Fara mana da yadda ake samun kuɗin nan.

JAMILA: To Anti, da maki ake yi. Ana duba ayyuka goma na rayuwar yau da kullum: girki, cin abinci, wanka, shiga bayi, sa tufafi, shan magani, magana, karatu, hulɗa da mutane, da sarrafa kuɗi. Kowane aiki a ba ka maki daidai da wahalar da kake sha a kansa. In ka tara 8 ka samu ƙaramin kaso, in ka tara 12 ka samu babba. A shekarar kuɗi ta 2025 ƙaramin fam 73.90 ne a mako, babban fam 110.40. Akwai wani ɓangare daban na zirga-zirga, shi ba a ce za a taɓa shi ba.

AUWAL: Mene ne Liz Kendall ta zo da shi har gari ya ɗauka?

HADIZA: Ranar 18 ga Maris 2025, lokacin tana ministar ayyuka da fansho, ta tsaya a majalisa ta ce daga Nuwamba 2026 tara maki 8 kaɗai ba zai wadatar ba. Dole sai mutum ya samu aƙalla maki 4 a aiki guda ɗaya.

AUWAL: Ni a kunnena wannan bai yi tsauri ba, Hajiya. Huɗu kawai?

JAMILA: Malam, bari in lissafa maka. Wanda ba ya iya girki a kan murhu sai dai ya ɗumama abinci a na'ura, maki 2. Wanda sai an yanka masa nama ƙanana kafin ya ci, maki 2. Wanda sai an wanke masa jiki daga ƙugu zuwa ƙasa, maki 2. Wanda sai an sa masa wando, maki 2. Wanda sai da abin dafawa yake iya zama a bayi, maki 2. Mutum ɗaya ke nan fa, maki 10. A sabuwar ƙa'idar ba shi da ko sisi a wannan ɓangaren, tunda babu inda ya kai huɗu.

AUWAL: Innalillahi. Wanda sai an sa masa wando?

JAMILA: Shi. In riga ce ba ya iya sawa, huɗu ne. In wando ne, biyu. Wanda kuma ya samu huɗu a wuri ɗaya da biyu-biyu a wurare biyu, jimla takwas, ya tsallake. Mai goma ya faɗi. Abin da ya tayar mana da hankali ke nan, domin yawancinmu wahalarmu ba a wuri ɗaya ta taru ba, ta bazu ne a duk abin da muke yi daga wayewar gari zuwa dare.

HADIZA: Kuma ƙididdigar gwamnatin da kanta ta nuna mutum kusan 800,000 ba za su samu wannan ɓangaren ba zuwa 2030, tsakanin masu karɓa yanzu da waɗanda za su nema nan gaba, asarar kimanin fam 4,500 a shekara ga kowane mutum. Ta kuma ce sauye-sauyen gaba ɗaya za su jefa mutum 250,000 cikin talauci, 50,000 daga ciki yara ne. Ba ƙungiyoyi ne suka faɗa ba, takardar gwamnati ce.

AUWAL: To amma ku bari in faɗi abin da ɗaya ɓangaren ke cewa, don ba za mu yi adalci ba in muka ɓoye shi. Masu karɓar PIP a Ingila da Wales sun kai miliyan 3.7 a 2025. Tun bayan korona adadin ke hawa, musamman matasa masu damuwa da ciwon ƙwaƙwalwa. Gwamnati ta ce tana son rage kusan fam biliyan 5 a shekara, kuma tana son mutane su koma aiki. Mai biyan haraji ma yana da haƙƙin ya tambaya ina kuɗinsa ke tafiya.

JAMILA: Yana da haƙƙi, Malam, ni ma ina biyan harajin. A nan ne aka fi ruɗa mutane. PIP ba kuɗin rashin aiki ba ne. Ba a duba albashinka, ba a duba ajiyarka. Kuɗi ne na ƙarin tsadar da nakasa ke jawowa. Ni ina da sikila. Sanyi abokin gabata ne, in ya kama ni ciwo ya tashi sai asibiti, don haka dole in kunna na'urar ɗumama ɗaki lokacin da maƙwabtana suka kashe tasu. Ranar da ƙafafuna suka ƙi, tasi nake hawa zuwa wurin aiki. Da wannan kuɗin nake biya. In aka yanke shi, aikin da ake cewa in je shi zan fara rasawa.

HADIZA: Ƙungiyar Scope mai kare haƙƙin masu nakasa ta yi lissafi a 2025, ta ce gidan da ke da mai nakasa yana buƙatar ƙarin fam 1,095 a wata kafin ya yi rayuwa daidai da gidan da ba shi da shi. Ku kwatanta da fam 73.90 a mako.

AUWAL: Maganar masu ha'inci fa? Ana yawan faɗa.

HADIZA: Alƙaluman ma'aikatar kanta sun nuna zamba a PIP ba ta kai kashi 1 cikin 100 ba. Abin da na fi gani ni, a wurin da nake taimaka wa mutane cika fom, akasin haka ne. Mutanenmu kunya ce ke cin su. Dattijuwa za ta zauna gaban mai tantancewa, a tambaye ta ko tana iya wanka da kanta, ta ce alhamdulillahi tana iyawa, alhali 'yarta ce ke yi mata. Ba za ta iya faɗa wa baƙo maganar bayi ba. Sai a rubuta sifili.

JAMILA: Wallahi Anti haka ne. Ga kuma ciwon da ke zuwa ya tafi, irin namu. Ƙa'ida ta ce a duba halin da kake ciki a fiye da rabin kwanakin shekara, amma in ranar tantancewa ka tashi da sauƙi, ka yi wanka ka shafa mai, shi ke nan an gan ka garau. Shi ya sa kusan kashi biyu cikin uku na waɗanda suka kai ƙara kotun sauraren ƙorafi suke yin nasara. Amma kafin a kai can watanni sun shuɗe, ba kuɗi.

AUWAL: Akwai wani abu da na ji, wai masu jinya ma abin zai shafe su?

HADIZA: Ƙwarai. Alawus ɗin mai kula da mara lafiya yana rataye ne da wannan ɓangaren na PIP. In mara lafiya ya rasa, mai jinyarsa ma ya rasa. An ƙiyasta mutum 150,000. Gida ɗaya, asara biyu, kuma galibi uwa ce ko mata da ta ajiye aikinta don ta yi jinya.

AUWAL: Amma dai a ƙarshe gwamnati ta ja da baya, ko?

HADIZA: Ta ja, bayan an kai ruwa rana. 'Yan majalisar Leba, jam'iyya mai mulki, sama da 120 suka sa hannu a takardar adawa da ƙudurin, Meg Hillier ce ta jagoranta. 'Yar majalisa Vicky Foxcroft ta ajiye muƙaminta na mai tsawatarwa ta gwamnati a majalisa. Da farko Firaminista Keir Starmer ya ce to masu karɓa yanzu ba za a taɓa su ba, sai sababbin masu nema.

JAMILA: Wannan ma bai kwantar mana da hankali ba. Mutum biyu, ciwo iri ɗaya, ɗaya ya nema a Oktoba ɗaya a Disamba, a ba wannan a hana wancan? Yarinya mai sikila da za ta cika shekara 16, shekarun fara neman PIP, bayan ranar, laifin me ta yi?

HADIZA: Sai ranar 1 ga Yuli, ana tsakiyar muhawara, ƙaramin minista Stephen Timms ya miƙe ya ce an cire batun maki huɗun daga ƙudurin gaba ɗaya. Aka kaɗa ƙuri'a, 335 suka amince da ƙudurin, 260 suka ƙi, ciki har da 'yan Leba 49 duk da sassaucin. Aka ce ba za a sauya sharuɗɗan PIP ba sai an gama bitar da Timms zai jagoranta tare da masu nakasa, wadda aka tsara kammalawa a kakar 2026.

AUWAL: To ai kun yi nasara ke nan, Jamila.

JAMILA: Ɗage shi aka yi, Malam. Giɓin kuɗin da suke son cikewa yana nan. Kuma wani yankan ya wuce: ƙarin kuɗin rashin lafiya na Universal Credit, wato tallafin marasa aiki da masu ƙaramin ƙarfi, daga kusan fam 97 a mako zuwa fam 50 ga yawancin sababbin masu nema daga Afrilu 2026. Wannan ya zama doka. Don haka in aka ce mana za a yi bita tare da mu, tambayarmu ita ce, an riga an yanke adadin da za a rage ne sannan a kira mu mu sa albarka, ko da gaske za a saurare mu? Ina cikin wani zaure na masu sikila, har yau in ambulan mai ruwan ƙasa na wasiƙar gwamnati ya faɗo ta ƙofa, akwai waɗanda ba sa iya buɗewa sai wani ya zo.

AUWAL: Ni dai abin da na riƙe, in har lissafin kuɗi ne, a gyara layin asibiti tukuna. Mutum yana jiran tiyata shekara guda, dole ciwonsa ya yi tsanani ya nemi tallafi.

JAMILA: Da haka aka fara da ba mu yi faɗa ba.

HADIZA: Kafin mu tashi, ga masu saurarenmu da ke nan Birtaniya: a halin yanzu tsohuwar ƙa'idar ce ke aiki, maki 8 da maki 12. Wanda ke Sikotilan nasu tsarin daban ne. In an hana ka, kana da wata ɗaya ka nemi a sake duba hukuncin, kada ka bari ya wuce. Ofisoshin Citizens Advice suna taimakawa kyauta. Wanda kuma bizarsa ta hana shi cin tallafin gwamnati, ya nemi shawara kafin ya cika komai, don kada ya jawo wa takardunsa matsala.

JAMILA: Kuma don Allah a riƙa rubuta yadda kowace rana ta kasance, musamman ranakun ciwo, a tafi da takardar. A je da wani na kusa wanda zai iya faɗin abin da kunya ta hana ka faɗa.

HADIZA: Mun gode Jamila, Allah ya ƙara lafiya. Malam, mun gode.

AUWAL: Amin, Allah ya ba marasa lafiyarmu sauƙi. Sai mako mai zuwa in Allah ya kai mu.