Yaron da ya kumbura ba ƙiba ya yi ba

Assalamu alaikum. Iyayena mata da maza, sannunku da zuwa.

Akwai kalmar da likitoci ke faɗa, kwashiyoko. Ba Turanci ba ce. Daga harshen mutanen Ga na Ghana ta fito, wata likita mai suna Cicely Williams ce ta shigar da ita rubutun likitanci a 1935. Ma'anarta ciwon da ke kama yaron da aka ture daga nono saboda ƙani ya zo. To mu ma ai mun san kwanika. An yaye yaro ba shiri, an kai shi wajen kaka, daga nan sai koko safe da yamma.

Tamowa, wato ciwon rashin abinci mai gina jiki, fuska biyu gare ta. Akwai yaron da ya rame, fata ta manne wa ƙashi, fuska kamar ta tsoho. Wannan kowa na ganinsa. Wanda ke ruɗin mutane shi ne na biyu, wato kwashiyokon nan: ƙafafu sun kumbura, kumatu sun cika, gashi ya yi ja-ja yana zuba, har wata ta ce ai yaron ya yi ƙiba. Ruwa ne, hajiya. Ki danna bayan ƙafarsa da babban yatsa, ki ƙirga uku, ki ɗaga. In wurin ya loɓa ya zauna a haka a ƙafa biyu, asibiti a ranar, ba gobe ba. Can za su auna damtsensa da wani ɗan tef, in bai kai santimita 11.5 ba, ya shiga jan ɓangaren tef ɗin, wato yana cikin haɗari.

Yanzu mu zo tukunya, don a nan matsalar take. Cikin ɗan shekara ɗaya bai wuce kofin shayi ba. In kika cika shi da tsinkakken kunu, ya ƙoshi kam, amma da ruwa ya ƙoshi. Ki kaurara kunun, ki daka gyaɗa ko ƙuli-ƙuli ki zuba, ko garin waken suya da aka soya, ki ɗiga mai. Gero da wake in sun haɗu, kowa na cike giɓin ɗan'uwansa wajen gina jiki. Ƙwai kuma a ba shi. Zancen wai zai koyi sata, ni dai ban taɓa ganin ɓarawon da ƙwai ya jawo ba.

Maza, kada ku yi dariya, tsokar miya kwanonku take tafiya. Kuma ku ne ke sayar da wake da gyaɗa kaf da kaka, damina ta zo rumbu wayam.

Sai maganar gyaɗar nan ta asibiti, Plumpy'Nut, wadda aka ceci yara da yawa da ita a Maraɗi lokacin yunwar 2005. Magani ce, an ƙirga ta daidai da nauyin yaro guda. In an raba wa yayyensa ko an kai kasuwa, sati biyu sai a dawo da shi a goye, ma'auni bai motsa ba.

Na ga hannu can baya. Bismillah, Inna.