Sharhi: Ƙananan hukumomin Amurka masu aiki ɗaya tal

Jama'a masu sauraro barkanku da warhaka. Yau Amurka za mu leƙa, don akwai wasu 'yan ƙananan hukumomi a can da Amurkawan ma da yawa ba su san suna biyansu haraji ba. Ba irin tamu mai ciyaman da kansiloli ba ce fa, a'a, wannan aiki ɗaya ake kafa ta dominsa, wata ruwan famfo, wata kashe gobara, wata kula da maƙabarta, kai a Kalifoniya har ta yaƙi da sauro akwai. Ƙidayar 2022 ta nuna sun haura 39,000, kuma da yawansu doka ta ba su ikon ɗora haraji kan gidaje da filaye, su ciwo bashi su shimfiɗa titi ko bututun ruwa.

Aiki kam suna yi, ba wanda zai musa. Amma wa ke sa musu ido?

Ku duba abin da ya faru a jihar Fulorida. A 1967 majalisar jihar ta kafa gundumar Reedy Creek, ita ma irin waɗannan hukumomin ce amma an haɗa mata ayyuka da yawa, saboda kamfanin Disney da zai gina katafaren wurin shaƙatawarsa kusa da Orlando, aka ce masu filaye ne za su zaɓi shugabanninta, to kusan duk filin na Disney ne, kun ga kenan kamfani shi ke zaɓen masu ba shi izinin gini, kuma hukumar ce ke riƙe da wuta da ruwa da 'yan kwana-kwana. Sama da shekara 50 ana haka ba wanda ya ɗaga kai.

Sai a 2022 da Disney ya soki wata dokar makarantu da gwamna Ron DeSantis ya sa wa hannu, nan take 'yan majalisa suka ce a rushe gundumar. Daga baya ido ya raina fata, domin akwai bashin kusan dala biliyan 1 a wuyanta, in an rushe kan mazauna yankunan Orange da Osceola, inda gundumar take, zai faɗo, mutanen da ba a taɓa neman shawararsu ba lokacin cin bashin. Dole aka sake lale a 2023, aka canza mata suna, gwamna ya naɗa mutum 5 nasa. Ni dai ban ga gyara a nan ba wallahi, da kamfani ke zaɓa, yanzu gwamna ke naɗawa, mai biyan haraji a Orange har yau ba shi da ƙuri'a a ciki.