Huji Uku Ba Shaida Ba Ne: Yadda Masu Gasar Harbi Ke Gwada Harsashin da Suka Haɗa da Hannu

Ku ɗauka ga takardar da ake kafawa a auna ta da harbi a gabanku. Huji uku ne a jikinta, sun manne da juna, kan ɗan yatsa ma zai rufe su. Daga nisan yadi 100 aka harbo su. Mai bindigar ya cire takardar yana murna, a ganinsa ya gano haɗin da bindigarsa take so. Washegari ya dawo da bindigar nan, da harsashin nan, sai hujin suka watse, tafin hannu da ƙyar ya rufe su. Me ya canza? Galibi babu komai. Jiya ya taki sa'a ne kawai.

A Amurka, da wasu ƙasashe irin su Afirka ta Kudu da Finlan, masu farauta da masu gasar harbi da yawa suna haɗa harsashinsu da kansu, bisa sharuɗɗan dokar ƙasarsu. Abu huɗu ne: kwanson tagulla, ɗan ƙyastun da ke gindinsa, albarushi, sai kan harsashin da ke fita. Albarushin ana auna shi da giren, awo ne ƙarami ƙwarai, giram ɗaya ya haura giren 15. A Najeriya kuwa dokar makamai ta 1959 ba ta bar mutum ya yi wannan ba tare da izinin hukuma ba, don haka labarin can muke yi. Kuma ba za ku ji adadin albarushi daga bakina ba. Su kansu masu yin, a littattafan kamfanoni irin su Hornady da Sierra da Lyman suke duba adadin, waɗanda aka gwada a ɗakin bincike. Abin da ya ja hankalina shi ne gwajin kansa, domin darasi ne na yadda ake gane gaskiya da awo.

Matsalar ita ce: huji ɗaya a takarda, abubuwa huɗu ne suka haife shi. Harsashi, bindiga, iska, da mutumin da ya ja kunama. In kana son jin maganar harsashi shi kaɗai, dole sauran ukun su yi shiru.

A fara da mutum, don shi ne ya fi surutu. Bugun zuciya, numfashi, ɗan motsin yatsa, duk suna isa bakin bindiga. Shi ya sa ba a yin gwaji a tsaye. Teburi ake nema mai nauyi, na kankare in da hali, a ɗora gaban bindiga a kan matokari, ƙotar kuma a kan jakar yashi. Daga nan sai maimaici: kafaɗa ta taɓa ƙota da nauyi iri ɗaya, kunci ya sauka a gurbi ɗaya, bindigar ta koma daidai inda take kafin kowane harbi. In ka danne ta a harbi na farko ka sassauta a na biyu, naushinta zai bi hanya daban, hujin ma haka, kai kuma ka ɗora wa albarushi laifi.

Akwai gasar da aka gina kacokan a kan wannan, ta harbi daga kan teburi. A 1973 wani Ba'amurke, Mac McMillan, ya zuba harsashi biyar a yadi 100, tazarar da ke tsakanin tsakiyar hujin da suka fi nisa da juna ba ta wuce inci 0.009 ba. Shekara 40 babu wanda ya karya wannan tarihi, sai a 2013 Mike Stinnett ya yi inci 0.0077 a jihar Texas. Wato kusan kashi ɗaya cikin biyar na milimita. Ido huji ɗaya yake gani. Irin waɗannan mutane ne, su Virgil King, suka riƙa shiga wani ƙaton sito a birnin Houston suna harbi a ciki, don kawai su kore iska daga lissafi su ga abin da ya rage.

Sai bindigar. Kusoshin da ke ɗaure ƙarfe da katako, da na madubin hange, a tabbata an ɗaure su da ƙarfin da kamfani ya faɗa. Kusa ɗaya mai lilo ta isa ta lalata gwajin wuni guda. A zura 'yar takarda tsakanin bututu da katako, a ja ta baya. A bindigar da aka ƙera don bututunta ya tsaya a sake, takardar za ta wuce sumul. In ta maƙale, to wani wuri na taɓa bututun, kuma yana canza yadda yake karkarwa idan harsashi ya bi ta ciki. Madubin ma yana da tarko. Ka saita, ka bar bindiga a tsaye cak, ka ɗan motsa kanka. In ka ga alamar saiti tana yawo a kan takarda, madubin bai daidaita da nisan ba, sai an gyara kafin a harba ko ɗaya.

Bututun da aka wanke tas yakan jefa harbin farko wani wuri daban, don haka ake ɓarar da biyu ko uku a gefe. Zafi kuma ya fi wannan ɓarna. Bututu na ɗaukar zafi, iskar da ke samansa ta fara rawa, irin kawalwalniyar da ake gani a kan kwalta da tsakar rana, sai takardar ta zama kamar tana motsi a cikin madubi. In ka harbe haɗi na farko da bututu mai sanyi, na biyar da bututu mai ƙuna, ba adalci ka yi musu ba. Masu hankali sukan yi zagaye: ɗaya daga wannan haɗi, ɗaya daga wancan, kowanne da takardarsa, har a ƙare. Zafi da gajiya da canjin iska duk an raba musu daidai.

Iska ba a hana ta, karanta ta ake yi. A kafa 'yan tutoci tsakanin teburi da takarda, a zaɓi yanayi ɗaya, a jira shi ya dawo kafin a ja kunama. Sassafe ya fi.

Yanzu mu koma kan hujin nan uku, don nan ne aka fi yaudarar kai. Girman tarin huji, harbi biyu ne kawai ke yanke shi, waɗanda suka fi nisa da juna. Duk lokacin da ka ƙara harbi, ka ƙara wa tarin damar buɗewa; ba ya taɓa tsukewa. Lissafi ya nuna cewa, a bindiga ɗaya da harsashi ɗaya, tarin harbi goma a matsakaici ya ninka na harbi uku sau ɗaya da rabi, har da ɗoriya. Kuma tarin uku-uku suna bambanta da juna sosai ko da babu abin da aka taɓa. Mutum ya haɗa iri goma, ya harba uku daga kowanne, dole ɗaya ya fi kyau. Ko da duka goman abu ɗaya ne, dole ɗaya ya fi kyau. Kamar ka ɗebi tsaba uku daga buhun gero ka yanke wa buhun hukunci ne. A 'yan shekarun nan injiniyoyin Hornady sun fito sun ce a harba ashirin ko talatin kafin a ce wannan ya fi wancan, abin da bai yi wa mutane da yawa daɗi ba. Na fahimci dalilinsu, harsashi kuɗi ne, bututu kuma yana cinyewa. Amma ni ina ganin gara mutum ya gwada haɗi biyu da harbi ashirin-ashirin da ya gwada goma sha uku da harbi uku-uku.

Ko tsohuwar dabarar wani Ba'amurke mai gasar harbi, Creighton Audette, wadda ake kira gwajin tsani, inda ake ƙara albarushi kaɗan-kaɗan ana harba ɗaya daga kowane mataki a nesa, wannan ciwon ne ke damunta: mataki ɗaya, shaida ɗaya. Sai an maimaita ta sau da yawa ake iya yarda da ita.

Na'urar auna gudun harsashi, irin su LabRadar ko Garmin Xero, tana taimakawa. A yadi 100 ɗan bambancin gudu ba ya nunawa sosai, amma a yadi 600 harsashi mai ƙarancin gudu zai faɗi ƙasa da ɗan'uwansa. Tana kuma yin gargaɗi: gudun da ya haura na littafi alama ce ta matsi ya yi yawa a cikin bindiga. In makullin bindiga ya fara tauri wajen buɗewa, ko gindin kwanso ya fito da tabo mai sheƙi, gwaji ya ƙare nan take, komai kyawun hujin.

Abu ɗaya ake canzawa a kowane gwaji, a rubuta shi, da ranar, da zafin gari, da adadin harbi. Mai takardarmu ta farko, ga abin da zai yi: ya ɗauko ta jiya da ta yau, ya ɗora su a kan juna daidai inda ya saita, ya ɗaga su a rana. Huji shida zai gani. Saura goma sha huɗu.