Kafin a rufe ƙofar shigo da farantan sola

Jama'a masu sauraro, maganar nan ta hana shigo da farantan sola ta ƙi fita raina. A watan Maris na 2025 ne ministan kimiyya da fasaha na lokacin, Uche Nnaji, ya ce gwamnati na shirin rufe ƙofar, wai don masana'antun cikin gida su samu kasuwa.

To me ya kai talaka ga sola tun farko? Mai cajin waya a bakin tasha bai ma san Buhari ya je Glasgow a 2021 ya yi alkawarin Najeriya za ta shawo kan hayaƙin da ke ɗumama duniya nan da 2060 ba. Tsadar mai ce ta koro shi. Ranar 29 ga Mayun 2023 aka ce tallafin man fetur ya tafi, litar da ake saya ƙasa da naira 200 ta haura 500, daga baya ta zarce 1,000, janareta ya koma kayan ado. A Oktoban 2024 kuma aka lalata babban layin wutar lantarki na Shiroro zuwa Kaduna, yawancin jihohin Arewa suka shafe fiye da mako guda cikin duhu. Mai ƙanƙara, tela, mai walda, kowa ya ji a jikinsa. Wanda ya samu hali ya ci bashi ya kafa faranti a kan rufi, ya sayi batir, wanda galibi shi ne ke cinye kuɗin, ga shi bayan 'yan shekaru sai an sake wani.

Wannan mutumin ne za a ƙara wa tsada? Haba!

Za su ce ai dole mu koyi ƙera namu. Wa ya ƙi? NASENI, hukumar ƙere-ƙere ta gwamnatin tarayya, na da masana'antar faranti a Karshi ta Abuja shekara da shekaru. Ku zagaya kasuwar Sabon Gari a Kano ku duba kayan wa ke kan kanta. Fiye da kashi 80 cikin 100 na farantan duniya daga China suke fitowa. A fara cika kasuwa da namu tukuna, mai inganci, a farashin da tela zai iya saya. In aka rufe ƙofa kafin haka, 'yan fasa-ƙwauri ne za su ci riba, tela kuma ya koma ga janareta da hayaƙin da aka ce ana yaƙi da shi.

Wai kuma ita kanta Fadar Aso Rock an ware mata naira biliyan 10 a kasafin 2025 don ta koma sola, saboda kuɗin wuta ya yi mata yawa. Ita ma kenan! Sai a gaya mana daga ina nata farantan za su fito.