Darasi: Girman Tukunyar da Ta Dace da Shukar Cikin Ɗaki

Assalamu alaikum jama'a, barkanmu da sake saduwa. Yau ga tukwane uku a gabana, ƙarama da matsakaiciya da babba, ga kuma ɗan tsiron tumatir mai ganye huɗu. Wacce za ku ba shi? Na san da yawanku za ku ce babbar, wai don ya sake. To, a nan ake yin ɓarna.

Ku dubi saiwarsa, ko tsawon yatsana ba ta kai ba. In na dasa shi a tukunya mai lita 20 na kwarara ruwa, wa zai shanye ruwan nan? A waje rana da iska za su busar da shi. A ɗaki kuwa, ƙasar sai ta yi kwana da kwanaki a jiƙe. Ita kuma saiwa numfashi take yi kamar ni da ku. Ruwa ya toshe kafofin iska, sai ta fara ruɓewa, ganye ya yi rawaya ya langaɓe. Mai shuka ya zaci ƙishirwa ce, ya ƙara ruwa. Shi ke nan, ya ƙarasa shi da hannunsa.

Saboda haka a fara da ɗan kofi na rabin lita. Ranar da kuka ga saiwa ta leƙo ta hujin gindin kofin, ko ƙasar tana bushewa cikin yini ɗaya, lokacin dashe ya yi. A mayar da shi mai lita 3 ko 4, daga baya a kai shi gidansa na ƙarshe. Tumatir yana son lita 20, tattasai da barkono lita 10 zuwa 12 sun wadatar, na'a-na'a da latas kuwa ko lita 3 suka samu ba su da ƙorafi. Karas zurfi yake nema, ba faɗi ba.

Af, kafin in manta: huji. Tukunyar da ba ta da huji a gindi, komai kyanta, ku huda ta ko ku ajiye ta. Tsakuwar da wasu ke zubawa a gindin tukunya ba ta maye gurbin huji, wurin saiwa kawai take cinyewa.

Tukunyar yumɓu da ta yadi, wato jakar shuka da aka ɗinka da yadi, sun fi ta roba saurin bushewa, don haka idan su za ku saya, ku ɗan ƙara girma. Ni dai a ɗaki na fi son ta yadi, don mai yawan ban ruwa ma tana rufa masa asiri.

In da hasken fitila kuke shuka maimakon na rana, ku auna daga daɓe zuwa fitilar tukuna, domin doguwar tukunya tana cin tsawon da shukar za ta miƙe.

Yanzu ku matso ku ga yadda ake ciro tsiron daga kofi don dashe. Na sa karan tsakanin yatsu biyu, na kifa kofin, na ɗan bubbuga gindinsa. Kada a ja shi ta kara, a bar shi ya zamo da kansa.